Gadin Bunsuru

Daren Talata, cikin watan Safar.

Da aci-balbal nake rubutun nan, don an ƙwace min tocila.

Tun da yunwar bana ta sako mana ɓarayin dabbobi, na dawo da bunsuruna ƙofar ɗakina. Da na ji motsi sai in dalle shi da tocila, in buga gwangwani, ɓarawo ya san idona biyu. Ni ba barci, bunsuru ba barci.

Yau maƙwabcina Malam Sule ya kawo akuyarsa barbara. Ɗan banzan bunsurun nan da a da igiya ba ta riƙe shi, ya shinshina ta sau ɗaya, ya yi hamma, ya kwanta. A gaban mutane!

Na ɗauka sammu ne, na kirawo malamin dabbobi daga Watari. Da ya ji labarin tocila sai ya ce, "Ba sammu ba ne, Malam. Rashin barci yana rage wa namijin dabba sinadarin mazakuta. Bar shi ya huta."

Ashe uwargida Hajara tana bayan zana tana ji. Ta kawo tuwo, ta ɗauke tocilar ta soke a zani.

"Maigida," in ji ta, "yau ku kwanta da wuri. Ku duka biyun."