Ranar da Na Kira Sunanki a Gindin Dutse

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga Barking nake rubuto miki, a nan Landan. Na yi abin da a wurinmu laifi ne, zan kuma faɗa miki shi duka, amma kada ki jira tuba.

Kin tuna takwararki, wadda kika bari tana rarrafe? Yanzu shekararta ashirin da biyu. Kunya biyu ce ta haɗu a kanta: 'yar fari ce, ga shi sunanki ta ci. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ummi nake ce mata. Ko asibiti muka je, katinta nake miƙawa su karanta da kansu.

To Inna, Ummin nan tseren keke take yi. Ana kai su can ƙolin dutse, a sako su ɗaya bayan ɗaya, su gangaro ta cikin duwatsu da saiwoyi da taɓo, agogo yana ƙirga musu. Minti uku ko huɗu an gama, in an gama lafiya. Ke da kika hana ni taɓa keken yayana a Jos, ga abin da jikarki ta zaɓa. Unguwarmu kuwa a shimfiɗe take kamar faifai, don haka duk ƙarshen mako sai mu loda keke a tsohuwar motata mu nausa yankin Wales, inda duwatsun suke. Ni da nake aikin jinya, na san sunan kowane ƙashi da ta karya.

Da can kowa yana kallon tseren nan kyauta a waya. Yanzu sai an biya, kuma masu talabijin 'yan ƙalilan na sama kawai suke nunawa. Wadda ba a nuna ba, kamfanoni ba su san da zamanta ba. Wadda ba kamfani a bayanta, ba makaniki, ba tayoyin kirki, ba hanyar zuwa manyan gasanni. To ta ina za ta kai inda za a nuna ta? Haka suka ƙulle ƙofar suka zauna da makullin.

Bana wani kamfanin lemon gwangwani ya neme ta. Za su ba ta makaniki, kekuna biyu, gasannin Turai duka, abin da take mafarki tun tana sakandare. Wasu daga cikin sharuɗɗansu na ban dariya ne: ta riƙe gwangwani tambarinsa yana kallon kyamara, ta yi murmushi ko da faɗuwa ta yi. Waɗannan na haɗiye. Amma akwai guda ɗaya. Wai sunanta ya yi wa masu sharhi nauyi a baki, wai kuma harafin farko yana da wata ƙugiya da injinsu ba ya bugawa. Saboda haka a bayan rigarta da kan allon talabijin za a rubuta "Dee". Sunanki fa, Inna, za a yanke kamar farce.

Na ce ban yarda ba. Sai ta dube ni, ta ce da Turancin nan nasu na 'ya'yan Landan, ai ni ma ban taɓa kiran sunan ba, me ya dame ni in wasu sun yar da shi? Ta ce tun tana ƙarama ta ɗauka ba na son sa ne.

Magana ba ta taɓa soka ta haka ba. Shekara ashirin da biyu ina girmama ki da shiru, ashe yarinya tana jin shirun a matsayin ƙi. A Jos ba sai an yi wa yaro bayani ba, yana gani a kowane gida. A nan kuwa wa za ta gani? Laifina ne, ban faɗa mata ba.

Sai na tuna ranar da na raka ki asibiti, akawu ya taƙaita sunanki a kati. Kika tura masa katin kika ce, "Rubuta shi duka, ba aro na yi ba." Layi ya tsaya, ana ta tsaki, ba ki motsa ba sai da ya gyara.

Kamfanin ya ba ta wa'adi zuwa bayan gasar da ta gabata ta sa hannu. Ranar gasar ina tsaye a gindin dutsen cikin yayyafi, wakilinsu yana gefe da lemarsa. Da layi ya zo kanta, ƙaton allon da ke gabanmu sai ya juya zuwa tallan lemo, don ba ta cikin waɗanda ake nunawa. Lasifika ta faɗi lambarta kawai. 'Yata tana can tana wasa da ranta, mu ana nuna mana gwangwani.

Can sai ga ta ta ɓullo daga cikin itatuwa, taɓo har hular kwano. Raina ya ɓaci, na ce in su ba za su faɗa ba, ni zan faɗa. Na buɗe baki iya ƙarfina.

"Ɗayyiba! Ɗayyiba!"

Turawan da ke kusa da ni suka kama. Karo na farko suka kwaɓa, na biyu suka gyara, a na uku wata tsohuwa mai jar hula ta fitar da shi tsaf kamar 'yar Jos. Sunan da aka ce ya fi ƙarfin bakin masu sharhi ke nan. Na juya na kalli mai lema.

Ba ta ci gasar ba, ko kusa. Amma da ta tsaya ta cire hula, ba agogo ta duba ba. Ta zo tana haki ta riƙe ni, ta ce, "Mama, sake faɗa."

Washegari ta mayar musu da takardarsu, ta ce ko sunan duka ko a bar shi. Har yau ba su amsa ba, kuma ba na zaton za su amsa. Mai yiwuwa bana ma ni ce makanikin, kuma ba mai ganin ta a talabijin. Ina tsoron wata rana ta ce ni na ja mata, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma na sayo zare, na ɗinka sunan a bayan rigarta da hannuna. Ƙugiyar ma na yi mata babba, yadda za a hango ta daga nesa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki. Ya tsare takwararki a kowace gangara, Ya sauko min da ita da ƙafafunta. Asabar mai zuwa akwai wata gasar. In kin ji ana ƙwala miki kira daga gindin dutse, kada ki yi fushi, ni ce.

Taki har kullum,
Maman Ɗayyiba