Yayen Zaituna

Shahuci, cikin birnin Kano.

Zuwa ga yayana Alhaji Ɗalha, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Yaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Shamsiyya da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka, sai dai ta tafi mana da katangar bayan gida, an mayar da ita ta bulo. Isma'il ɗan ƙaninmu Ilu ya gama sakandare. Ni kuma hawan jinina yana nan, in na sha magani ya kwanta, in na kalli Ilu ya tashi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai aya, ga shi gidan nan ko tari ka yi a ɗaka sai an ji a zaure. Maganar Bahijja ce, 'yar ɗan'uwanmu marigayi Mamman, wadda ni na raine ta, kai ka ba da aurenta ga Abdulbaƙi na Ƙofar Kabuga. Ilu ya ce ya kira ka ya shaida maka yaji ta yi, kai kuma ka ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Ban ga laifinka sosai ba, da abin da aka gaya maka ka yi hukunci. Yanzu ka ji wanda ba a gaya maka ba.

Ba yaji ta yi ba, Yaya, gudu ta yi. Da hantsi ta faɗo mana gida ko takalmi babu, 'yarta Zaituna a baya, hannun hagu yana lilo. Da muciya Abdulbaƙi ya karya mata shi, wai ta bar yarinya tana kuka yana barci. Da na cire mata riga zan gasa mata jiki, sai na ga tabon da ba na jiya ba ne, wani ma ba na bara ba. Ashe duk zuwan da take yi tana cewa saɓani suka samu, abin ke nan. Ita da zurfin ciki irin na ubanta ba ta taɓa buɗe baki ba, shi kuma Ilu in an zo biko da goro da turmin atamfa, a zaure yake gama magana, ko leƙowa ba ya yi ya ga fuskarta.

Wannan karon na ce babu inda za ta. Aka yi ɗori, hannu ya fara kamawa, ta zauna kusa da ni a kan sana'ata ta kayan gara. Ka ga yadda take murza dubulan da hannu ɗaya da rabi, wallahi ta fi ni tsarawa. Ita ta ɗauki hoton alkakinmu ta sa a waya, yanzu har daga wajen gari ake aiko mana. Ta yi kumatu, ta fara dariya, Zaituna kuma ta daina maƙalewa a bayan ƙofa in ta ji muryar namiji. Da 'yan biko suka zo na aika musu cewa su koma da goronsu.

Da suka ga biko bai ci ba sai suka canza hanya. Ranar da na raka Bahijja asibiti a ɗauki hoton hannun, mun bar Zaituna tana barci a ɗakin Kande matar Ilu. Sai ga Hajiya 'Yardada, uwar Abdulbaƙi, da lulluɓinta da daɗin bakinta. Wai yarinya ta isa yaye, kuma kowa ya san kaka ce take yaye, duk jikokinta a ɗakinta aka yaye su, in an kwana biyu za ta dawo da ita har da 'yar akuyarta. Yarinyar da haƙoranta ma ba su gama fitowa ba! Kande ta tambayi Ilu, Ilu ya ce al'ada ce, ba a hana kaka jikarta. Har kayan sawarta suka ƙulle mata a leda. Kafin magariba aike ya zo cewa yarinya tana gidan ubanta, mai son ganinta ta san hanya. Da na tsare Ilu, ko kunya babu ya ce min ai ta haka ne za a daidaita su. Ashe da saninsa aka yi. Yaya, ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta ɗan'uwana a ranar ba.

Ba zan iya kwatanta maka halin da Bahijja ta shiga ba. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, riga tana jiƙewa tana sauyawa. Ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma, in ya so ya kashe ta, muddin tana ganin 'yarta. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin, na ce sai dai ta tsallake ni. Na yi ta sintiri Kabuga, yau a ce Hajiya ta tafi da ita wajen ƙanwarta a Ƙofar Dawanau, gobe a ce ba su dawo ba, ni da ƙafafuna da ka sani.

Ranar Juma'a na daidaici lokacin da maza suka tafi masallaci, na yi sallama na shige. Na tarar da Zaituna a tsakar gida kusa da makwarara, da kofin koko a hannu, ƙuda sun yanyame shi, muryarta ta dashe saboda kuka. Na durƙusa na gaida Hajiya 'Yardada yadda ya kamata, don kada a ce 'yan Shahuci ba su da tarbiyya. Sannan na ɗauki yarinya na saɓa a baya na ɗaure da majanyin da na taho da shi. Ta taso tana cewa na keta al'ada. Na ce al'adar da na gada ita ce uwa ta miƙa 'yarta da hannunta, wadda aka ɗauke uwar tana asibiti kuwa sunanta sata. Ta ce za ta gaya wa ɗanta. Na ce ta gaya masa ina Shahuci, in zai zo ya taho da muciyar.

Da muka shigo gida Bahijja ta taso a guje, ta kwance ta daga bayana, ta zauna a ƙasa ta ba ta nono. Yarinyar ta kalle shi ta kawar da kai. Ta sake ba ta, ta ture, ta shiga miƙa hannu tana neman kofi. Sun riga sun yaye ta. Bahijja ba ta yi kuka ba, ta dai rungume ta, nono yana zuba a kan rigar yarinyar. Sai ga Ilu ya dawo daga masallaci da dardumarsa a kafaɗa, ya tsaya ya kalle su, ya ce to ai an huta, yaye ya kammala. Tun ranar ban sake amsa gaisuwarsa ba, abincin ɗakinsa ma ba ya shiga bakina.

Yanzu Bahijja ta kai ƙara kotu tana neman a raba auren. Mutanen Kabuga kuma suna yawo da maganarka, suna cewa waliyyinta ma ya ce ta koma, kuma da wannan maganar za su tsaya gaban alƙali. Ni dai muddin ina numfashi ba za ta koma gidan nan ba, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Amma kai ne ubanta a yau, kuma kalmarka ta fi muciyar yi mata ciwo. Ina roƙonka don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da Mamman, ka kira Ilu ka janye maganar, ka kira yarinyar nan ta ji daga bakinka.

Ka gaida Hajiya Shamsiyya, ka ce mata dubulan ɗin da ke tare da takardar nan nata ne. Ka gaida Sani da Nana Hauwa, Allah ya yi musu albarka. Isma'il yana gaishe ka. Kande ma ta ce a gaishe ka, ga shi na isar. Bahijja kuwa na tambaye ta ko in sa gaisuwarta, ta ce in bari tukuna sai ta ji abin da za ka ce.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hajo.