Rabin Sunan da Ya Faɗi daga Allo

Anti Talatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Kwanakin nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Abin haushin kuma, duk wanda na faɗa wa damuwata sai ya yi dariya, wai a kan jaridar ɗalibai nake ramewa.

Ni 'yar Ajingi ce, ina aji uku a jami'a. Tun ina aji ɗaya na shiga jaridarmu, wadda kowa yake kira Gaya. Ba wata babbar aba ba ce. Takardu ne muke bugawa mu liƙa a allon da ke jikin ɗakin cin abinci, sannan mu ɗora a Fesbuk. Amma in famfo ya ƙafe a ɓangaren mata, ko aka ɗage jarrabawa ba sanarwa, wurinmu ake zuwa. Ni mai nauyin baki ce, a aji ko tambaya ba na iya yi. A jikin allon nan na fara sanin cewa ni ma ina da abin faɗa.

Muna da wata al'ada. Edita mai barin gado yana miƙa wa magajinsa jan biron da ake gyaran rubutu da shi, kuma ba a miƙa shi sai ga ɗan Gaya. In ka tambayi dalili sai a ce ai sunan ma ya raba gardama: ɗan Gaya ne ya kafa ta, ya sa mata sunan garinsu. Haka na tarar, haka na yarda.

Editanmu na yanzu Sagiru ne, ɗan garin Balan da ke ƙasar Gaya. Shi ya koya mini aiki, ba zan ci amanarsa in ce ba haka ba. Bana zai gama, sai ya ce a yi fitowa ta musamman kan tarihin jaridar, ya ɗora mini aikin. Na shiga mota har Kademi, can ƙasar Gaya, wurin Malam Isyaku, wanda ya kafa ta. Ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma ya koma gona. Na same shi a ƙofar gida ana ɓarar gyaɗa. Ina ambatar sunan jaridar ya kama dariya har da tari, ya sa na maimaita. Ya ce ai ba garin ba ne, gayawa ce, irin ta gaya wa mutum magana, kuma cikakken sunan Gaya Musu ne.

Wai a zamaninsu ruwa ne ya ɗauke, ana ta gunaguni a layin famfo, sai wata ɗaliba ta ce gunagunin me, a gaya musu mana. Ya rubuta koken a kwali, ya liƙa da koko. Daga baya suka sami allon katako aka rubuta sunan. Bayan tafiyarsu iskar wata damina ta karya allon, ɓarin da ke ɗauke da Musu ya faɗi, ba wanda ya gyara. Waɗanda suka zo daga baya suka karanta ragowar da muryar sunan gari. Ya ce kuma ɗalibar nan ita ya miƙa wa jan biro da zai tafi. 'Yar Ajingi ce, sunanta Hure.

Anti, Huren nan goggona ce, ƙanwar babana. Malamar firamare ce, ban taɓa jin ta yi zancen ba. Da na koma gida na tambaye ta, tana tankaɗe, ta ce e an yi haka, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na rubuta na kai wa Sagiru. Ya karanta, ya zare jan biron ya zagaye wurin zancen sunan da na Hure, wai a cire. Bai ce ƙarya na yi ba. Cewa ya yi wa zai yarda, daga tsoho ɗaya sai goggona, kuma ana dab da miƙa biro? Ashe ya riga ya yi wa Mudassir alkawarin biron, wani ɗan Gaya mai ɗaukar mana hoto. Ban san yadda maganar ta fita ba, sai ga wani ya rubuta a guruf ɗinmu na waya wai 'yan Ajingi sun fara haƙo kakanni. Yanzu in na shiga ɗakin aikinmu sai hira ta mutu.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son biron nan, na kuma yi masa wahala. Shi ya sa har ni kaina nake zargin kaina. In na nace a buga, za a ce kwaɗayi ne, ƙila ma su daina karɓar rubutuna. In na cire, sunana zai hau kan tarihin da na san ba haka yake ba. Ko in bar musu jaridar kawai? To in na bar ta, ina zan kai bakina? Fitowar ta matso, Sagiru yana jiran amsata.

'Yar Ajingi mai nauyin baki

*

Ƙanwata, ba zan yi miki dariya ba. Wurin da ya buɗe miki baki ba ƙaramin wuri ba ne, ko da allo ne a jikin bango. Amma ki ci abinci, ramewa ba ta gyara rubutu.

Bari in fara da Sagiru, don ina jin kin fi jin zafinsa fiye da yadda kika rubuta. A wani ɓangaren yana da gaskiya. Labarin da ya zo ta bakin mutum ɗaya, ga dangantaka, ga mai rubutun tana da abin samu a ciki, kowane edita mai hankali zai dakata. Kuma 'yan Gaya sun riƙe jaridar nan shekara da shekaru bisa imanin tasu ce. Ba su saci komai ba, iska ce ta yi musu gyaran suna. Inda ya kuskure shi ne maganin da ya kawo. Labarin da ake shakka a kansa ƙara bincikensa ake yi, ba zagaye shi da ja ba.

Ke kuma kin haɗa abu biyu a tukunya ɗaya: tarihin, da biron. Ki raba su.

Na tarihi mai sauƙi ne. Ki sami Sagiru ku biyu, ba a guruf ba. Ki ce ya zo ku koma Kademi tare da Mudassir, su ji da kunnensu, su ɗauki muryar Malam Isyaku yana faɗin sunan, tunda a baki bambancin yake, a takarda ba ya fitowa. Ku tambaye shi ko akwai wasu 'yan zamaninsu da za a nema. Hirar goggonki kuwa ki cire hannunki, Mudassir ya je Ajingi ya yi ta. A saman labarin ki rubuta ƙarara cewa Hure goggonki ce. Abin da kika faɗa da bakinki ba mai tona miki shi. In duk da haka suka ƙi, ki ce a cire sunanki daga rubutun, amma kada ki bar jaridar.

Na biro shi ne mai ɗaci. Son shi ba laifi ba ne, ki daina tuhumar kanki. Sai dai ki nemi shi da aikinki, kada ki ce gadon goggo ne, in ba haka ba kin koma yin abin da kike kuka da shi. Ki nemi a zauna, masu aikin jaridar duka su zaɓa. Zai yiwu ki rasa, alkawari ya riga ya shiga. Ki shirya wa hakan tun yanzu, don na fi son ki rasa biro a kan ki rasa yardar da kike yi wa rubutunki.

Ki kuma lura da kalmar da ta faɗi daga allonku. Tun ranar da iska ta tafi da Musu, ba wanda ya sake musa komai a kan wannan al'ada, sai da kika zo. Goggonki ba ta san za a ba ta biro ba ranar da ta yi magana a layin famfo. Ki gaya musu, ƙanwata.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya daidaita tsakaninku. Ki gaishe mini da Goggo Hure.

Anti Talatu