Ki Zauna Inda Kike Har Ki Haihu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Mu nan da sauƙi. Inna ƙafarta ta yi dama, har ta koma faɗanta da kaji.

Na ji kin ce za ki zo yi mini ta'aziyya. Don Allah, Auta, kada ki zo. Bari in gaya miki abin da na kasa faɗa a waya.

Kin san ramin da muke adana ciyawa. Da muka buɗe shi bana, gefe ɗaya ya yi funfuna. Baban yara ya ce a zubar, ni kuwa na ga asara ce, na kankare saman na ba tumaki. Bayan kwanaki farar tunkiyar nan ta karkata kai, kunnenta ɗaya ya faɗi, ta kama kewaye turkenta, kullum ta hagu, yawu na zuba. Sai wasu biyu suka yi ɓari. Ni na jawo 'ya'yan da hannuna, ko leda ban sa ba, ina da ciki wata bakwai. Zazzaɓi ya kama ni, na ɗauka na sauro ne. Ranar da na je asibiti, yaron da ke cikina ya kwana biyu bai motsa ba.

Likitan dabbobi ya ce ciwon kewaye ne, daga ruɓaɓɓiyar ciyawa, kuma yana kama mai ciki ta ɓarin dabba ko madarar da ba a tafasa ba. Kowa ya ce in daina ɗora wa kaina. Baban yara bai taɓa ce mini uffan ba, da ma faɗa ya yi.

An binne tunkiyar, amma da'irar da ƙafafunta suka haƙa tana nan. Na share, na zuba yashi, har yanzu ina ganinta. Jiya Inna ta kama hannuna a tsakar gida, ta ce, "Zauna haka nan, kin zagaya ta sau bakwai." Wallahi ban san ina yi ba.

Shekaranjiya wata tunkiyar ta soma karkata kai. Shi ya sa na ce kada ki zo.

Inna da baban yara da yaran suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki da surukarki. Rigunan jaririn da na ɗinka guda huɗu ne, ba wanda ya sa su. Na wanke su da tafasasshen ruwa, zan ba direba ya kawo. In ba za ki iya sa wa naki ba, kada ki gaya mini.

Yayarki.