Katina da Rigar Lawal

Alhamis, 9 ga Maris, 2006. Unguwar Al Gharrafa.

Har yanzu raina tafasa yake. Wata takwas ina lallaɓa katin nan mai hoton ɗan wasan besbol da maigidana Ba'amurke ya ba ni, duk tarina babu kamarsa. Wani Bafilipine ya yarda mu yi musaya yau a Corniche, titin bakin teku, ya ba ni kati goma. Ina buɗe akwati sai na tarar da katin manne cikin roba, har an datse gefensa da almakashi.

Lawal, abokin ɗakina, yana washe baki ya ce, "Na kai an yi maka laminatin, Malam Bashir, kamar satifiket. Ai taimako ne."

Haka na kai wa Bafilipinen katin. Mutumin ya juya shi sau ɗaya, ya ce, "Khalas," wato zance ya ƙare, ya miƙo mini abina.

Na dawo ɗaki. Ga rigar ƙwallon Lawal can a rataye, wadda wani ɗan wasa ya sa wa hannu, shekara biyu bai bar ruwa ya taɓa ta ba. Gobe yana wurin gadi. Zan wanke masa ita tas, har da bilic. Ai taimako ne.