Kunnenki na Hagu

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta wajaba a kan uwa, ko da uwar ba ta cancanci a amsa mata ba. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya.

Shekaruna saba'in da shida a daminar bana. Da ƙafafuna nake tashi, da hannuna nake dafa abincina, kuma da yatsuna na buga wannan wasiƙa. A fili na ajiye ta, inda tsofaffin ɗalibaina da maƙwabta za su karanta kafin ta iso gare ki, kuma da gangan na yi haka. Sai dai kada kowa ya rubuto mini "Allah sarki Hajiya". Ba na neman tausayi a wurinsu, ba na nema a wurinki. Duk wanda ya gama karatu ya ji tausayina, bai fahimci abin da ya karanta ba.

Shekara goma sha tara ke nan rabonki da Nguru. Ranar sadakar bakwai ta mahaifinki kika tsaya a bakin zaure da jakarki, kika juyo mini da kunnenki na dama kamar yadda kike yi wa kowa, kika ce ba za ki sake taka gidan nan ba sai ranar da na faɗa a gaban mutane abin da ya sami kunnenki na hagu. Na amsa miki cewa ƙofa a buɗe take, ban taɓa roƙon kowa ya zauna ba. Taurin kaina kika gado. Kika tafi, 'ya'yanki suka girma a Jos ban san muryoyinsu ba.

Ba wa'azi ne ya karya ni ba, ba kuma ciwo ba. Akwatin talabijin ne.

Maman Chinedu, mai shagon kayan masarufi a jikin katangarmu, ita ta jawo. Wata Lahadi bayan ta taso daga coci, babu wuta a unguwa, ta roƙe ni ta kalli gasar waƙa a ɗakina saboda ina da sola. Na yarda don haƙƙin maƙwabtaka. Matasa ne ke fitowa ɗaya bayan ɗaya su yi waƙa a gaban alƙalai uku, kowane mako a sallami wasu. Na zauna da niyyar raina su, kuma na raina su. Duk muryar da ta zame, sai in ji na kai wa hannun kujera duka da mafici, ban ma san na yi ba.

Wani saurayi ya manta baitinsa a tsakiyar waƙa, ya tsaya yana rarraba ido. Jinina ya tafasa. A ajina, da tuni yatsunsa sun fashe. Amma ɗaya daga cikin alƙalan, wata mace mai furfura, ta ce ya sha ruwa ya sake daga farko. Na daka wa akwatin tsawa har Maman Chinedu ta ce, "Hajiya, ai ba barikin soja ba ne." Saurayin ya sha ruwa, ya sake, kuma a ranar babu wanda ya kama ƙafarsa. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, ban taɓa ce wa ɗa ko 'ya su sha ruwa su sake ba. Na kwana da haushin matar nan, Lahadi ta zagayo na kunna akwatin tun kafin maƙwabciyata ta yi sallama.

A mako na biyar wata yarinya ta fito, siririya, muryarta kamar ruwan randa. Tana cikin waƙa lafiya lau, sai ta iso wurin da murya ke hawa. Kafin ta kai, na ga ta ɗaga kafaɗarta ta hagu, ta runtse ido, ta sunkuyar da kai gefe. Muryar ta tsinke. Alƙalai suka ce tsoron jama'a ne. Ni na san ba shi ba ne. Wannan kafaɗa duka take jira. Akwai wanda ke tsayawa a kanta a gida da wani abu a hannu, daidai wannan baiti.

Kofin shayin da ke hannuna na jefi akwatin da shi. Gilashin ya tsage daga kusurwa, yana nan a tsage har yau, ban gyara ba.

Kin san inda na taɓa ganin wannan kafaɗa.

Kina da shekara goma sha huɗu, ina shugabar makarantar 'yan mata a Gashua, aka kira makarantu gasar waƙa a gidan talabijin na Maiduguri. Ni na tsara waƙar, a kan isowar sabon ruwa a kogi, kuma ni na zaɓe ki ki ja baiti domin babu murya irin taki a garin. Wata biyu muna gwaji a ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis. Akwai wurin da za ki ce masunta su fito da gorunansu, a nan murya ke hawa, a nan taki ke rawa. Ina tsaye a gabanki da rular nan ta katako mai bakin ƙarfe. Duk rawar murya, duka ɗaya a kafaɗa. Har sai da ya zamana rula na sauka kafin ki yi kuskuren, wai don in riga shi. Ni a ganina gyara nake yi.

Ranar gasa na tsaya a bayan masu ɗaukar hoto, inda za ki gan ni. Kika gan ni kuwa. Kika iso baitin masunta, kafaɗa ta tashi, ido ya rufe, murya ta tsinke. Muka zo na uku.

Yini guda muka yi a motar makaranta ban ce miki uffan ba. Da muka isa gida na sa sakata, na ce ki tsaya ki rera mini baitin. Kika buɗe baki, babu abin da ya fito. Marin farko ya juyar da ke. Na biyu ya durƙusar da ke. Na ɗago ki da wuyan riga na yi na uku da bayan hannu, da zoben azurfa a yatsana, kanki ya bugi kusurwar kabad. Jini ya biyo ta cikin kunnen ya sauka a kan farin kallabin makaranta. Ba ki yi kuka ba. Abin da kika ce kawai, "Malama, ana kaɗa ganga a kaina."

Kallabin na fara wankewa kafin na kai ki asibiti. Ina so wannan ma ya shiga rubutu.

Lokacin zafi ne, sanƙarau na yawo a ƙauyuka, sai ƙaryata ta sami wurin zama. Na ce zazzaɓi ne ya taɓa miki kunne. Mahaifinki ya zo daga wurin aikinsa na jirgin ƙasa a Nguru, ya juya fuskarki ya duba, ya ce, "Kaltume, sanƙarau ba ya barin shatin zobe." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Da aka nuna gasar, rabin unguwa ya taru a gidan wani attajiri mutumin Hadejia mai doguwar eriya. Kina zaune da auduga a kunne, mata suna kallon kafaɗarki a akwati suna cewa 'yar Malama akwai kunya. Na karɓi yabon. Daga ranar ba a sake jin kin yi waƙa ba, ko a wurin daka, ko a bikinki.

Akwai wani abin da na ɓuya a bayansa, wanda ya fi ƙaryar sanƙarau daɗewa. Ke 'yar fari ce. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Amma al'adar ba ta bar yarinya a maraice ba: kaka take ba wa ita, ko gwaggo, su yi mata gatan da uwa ke jin nauyin yi. Da kakarki ta zo daga Machina ɗaukarki bayan yaye, na hana, na ce ni mai ilimi ce, ba a raba ni da 'yata saboda al'adar dā. Na yar da rabin da zai ba ki mai rungumarki, na riƙe rabin da ya yi daidai da zuciyata. Kika tashi a hannuna ina kiranki "ke", kina kirana "Malama" kamar sauran ɗalibai, hannuna bai taɓa jikinki ba sai da rula a cikinsa. Mutane suna cewa alkunya ce. Girman kai ne ya sami mayafi.

Na ci gaba da kallon gasar ta tsagaggen gilashi har ƙarshenta. Na ga wata da aka sallama, uwarta ta rugo kan dandali zani na kwancewa, ta ɗaga ta sama kamar ita ta ci kofin. Na ga ranar da aka sallami mai kafaɗar nan, babu wanda ya hau, ta tsaya tana leƙen gefen dandali da idon akuyar da ta hango wuƙa. Na san mai jiranta a can. Na san har abin da za ta ce mata a mota, wato ba za ta ce komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarfin halin yaran. Mutum ya tsaya shi kaɗai, a faɗa masa aibinsa ƙasa duka na ji, ya ce na gode, mako ya zagayo ya dawo ya gyara. Waɗanda suka yi nisa a gasar ba su ne suka fi murya a farko ba, su ne waɗanda aka gaya wa gaskiya ba a karya su ba, su kuma suka iya jin ta. Ni na ƙare rayuwata a kujerar alƙali. Ban taɓa tsayawa a inda ake tsayawa a yi wa mutum hukunci ba. Tsohuwa mai takardun shaida cike da akwati, 'yan shekara ashirin suka fi ni zuciya.

Watan jiya ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta aiko mini takarda. Sun shirya gasar waƙa ta shekara-shekara tsakanin makarantun 'yan mata, za a nuna a talabijin, kuma kofin sunana zai ɗauka. Suka gayyace ni taron ƙaddamarwa a Gashua.

Ranar Asabar da ta wuce na hau keke-napep zuwa tasha, na shiga motar Gashua ni kaɗai, da rular a jakata. Zauren taron ya cika. Aka yi ta zuba mini kirari, aka miƙo mini abin magana don in sa albarka. Na tashi ban dogara sanda ba. Na ce wa mai ɗaukar hoto idan ya yanke ko kalma ɗaya ban yafe ba. Sannan na kira sunanki, cikakke, da ƙarfi, karo na farko a gaban jama'a tun ranar da aka raɗa miki shi. Na ce ba sanƙarau ne ya kashe miki kunne ba, ni ce, da wannan hannun, mari uku, saboda kin zo ta uku a gasar waƙa. Na faɗi zoben, na faɗi kabad, na faɗi kallabin.

Shugabar ƙungiyar ta matso za ta karɓe abin maganar, wai Hajiya ta gaji. Na buge hannunta. Kin ga hali zanen dutse ne, ban ce miki na zama wata ba.

Na fito da rular na ce duk wadda ke ɗauke da tabonta ta ɗaga hannu. Sai wata likita a layin gaba ta ɗaga, ƙaramin yatsanta a karkace. Sai wata. Sai hannuwa suka yi ta tashi, manyan mata masu jikoki, wasu suna kallon ƙasa. Ban ƙirga ba, na dai dube su ɗaya bayan ɗaya, don abin da na zo yi ke nan. Na so in karya rular da hannu, ƙarfina bai kai ba. Na jingina ta a matakala na taka ta har sau biyu kafin ta karye. Na ce a cire sunana daga kofin, an kuma cire kafin na bar zauren. Wasu sun fita don fushi, wasu sun yi kuka, babu wadda ta tafa. Daidai ke nan.

Sharaɗinki na cika shi, amma ban rubuto don in ce saura naki ba. Kunne ba ya dawowa don an faɗi gaskiya, kuma shekarun da kika yi kina juya kai don ki ji kukan 'ya'yanki babu mai mayar miki da su. Idan kin ga dama ki zauna inda kike, ba ki yi laifi ba. Na dai share ɗakin da ke kallon bishiyar lemo, na sa sabon gidan sauro. In kin zo, ta damanki zan zauna. Ba zan ce ki yi waƙa ba. Ruwa zan ba ki ki sha.

Allah Ya tsare miki kunnen da na bar miki. Ya jiyar da ke alheri da shi har ƙarshen rayuwarki. Ya sa hannunki ya zama sanyi a kan 'ya'yanki da jikokinki. Ya jiƙan mahaifinki, Ya yafe masa shirun da ya yi domina. Ni kuma tsakanina da Shi sai abin da kika ce, domin haƙƙin naki ne.

Ki huta lafiya, Falmata. Falmata, 'yata.

Mahaifiyarki, wadda kika sani da Malama,
Kaltume,
Nguru.