Sunan da ka raɗa wa Mushe Garba

Zuwa ga ƙanena Ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kabarinka na cikin ni'ima, ga labari: Mushe Garba, wato Malam Garba da Faransanci, malaminku na dā, ya zo gidana a Tasawa.

Ka tuna shekarar farin nan, zamanin soja, da aka ɗauke ka daga Mayahi zuwa lakwal, makarantar kurame? Inna ta yarda ne don can akwai tuwo, namu rumbun kuwa fayau. Ka tafi da maganar hannunmu ta gida: ka shafi haɓa, Baba ke nan, ka ja yatsa a kumatu, Inna ce da tsagarta.

Mushe Garba ya ce wannan ƙauyanci ne, dole kurame su yi magana iri ɗaya. Wanda hannunsa ya koma ta gida, sai ya sa shi ya haɗe yatsu, ya buge su da sanda.

Da ka zo hutu, Inna na kwance. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta kira ka. Na ga yatsunka sun taso, sai suka dunƙule, ka waiga kamar yana bayanka. Ta cika ba ka amsa mata ba. Da wannan ciwon ka bar duniya.

Yanzu Mushe Garba ya tsufa. Wai shi da wasu suna haɗa maganar hannu ta ƙasa baki ɗaya, an gane ta ƙauye ma magana ce, in nuna masa taka. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, baƙo ne. Ban ɗaga murya ba, ka san ni.

Ɗaya kawai na nuna masa: yatsu a haɗe, ɗaya hannun ya buge su. Ya tambayi ma'anarta. Na ce sunansa ne, kai ka raɗa masa, kuma da shi kuramen kasuwar Mayahi ke kiransa, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Ya nemi gafara. Na ce haƙƙin ba nawa ba ne, masu shi suna ƙasa.

Sauran maganarka, ɗan'uwana, kurame zan ba hannu da hannu, su haɗa abinsu da kansu. Sharaɗina ɗaya: sunan nan ya shiga.

Allah ya jiƙan ka, ya sada ka da Inna, ka amsa mata da hannu a sake. Shi kuma Allah ya ja kwanansa, ya ga sunansa a kowane hannu.

Yayarka da ba ta manta ba,
Hadiza